Wa ya taɓa zuwa kasuwar manoma ta Union Square a watan Afrilu?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da magana, amma don Allah a riƙe dariya tukuna, wadda aka yi mini a gida ta isa. Ranar Asabar na ɗauki manyan jakunkuna biyu, na hau jirgin ƙasa mai lamba 4 daga nan Bronx har Union Square da ke Manhattan, duk a cikin birnin New York, wai zan yi cefanen mako a kasuwar manoman nan da abokiyar aikina ta ishe ni da labarinta. A raina, tunda sanyi ya ja da baya har itatuwa sun fara fure, zan tarar da tumatir da tattasai da attaruhu jibge kamar Yankaba a watan Fabrairu.

Sau biyu na zagaye kasuwar. Tumatir sai a teburi ɗaya, na ɗakin gilashi, kuɗinsa kuwa da na gani sai na yi kamar ba shi nake kallo ba. Abin da ke akwai: alayyahon Turawa, latas, lawashi, wani jan abu kamar 'yar albasa da suke kira radish, sai tufa da dankalin Turawa da karas na bara da aka fito da su daga ma'ajiya. Ga ƙwai, ga zuma, ga burodi, ga furanni a tukwane. Can na hango layi gaban wani teburi, na ce to nan ake rabon arziki. Ashe wani ganye ne mai warin tafarnuwa, ƙullin da bai wuce kaurin yatsu uku ba, dala 6.

Don kada na dawo da jaka wayam na sayi alayyaho da lawashi. Baban su Biyu ya ce tunda yake bai taɓa ganin wadda ta tafi Manhattan tsinkar ganye ba sai ni. Amma fa da na yi miyar, malmala uku ya ci. Alayyahon nan har wani zaƙi-zaƙi gare shi, ban taɓa jin irinsa a na leda ba.

To tambayata: ni ce ban iya zuwa ba, ko kasuwar ce ba tamu ba?

Baba Mai Tasi:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kasuwar ce ba tamu ba. Shekara ashirin da biyu ina tuƙi a garin nan, Litinin da Laraba da Juma'a da Asabar ina ganin motocinsu sun tare gefen dandalin tun da asuba. Na san masu zuwa: mutum da karensa da jakar yadi, ya sayi ganye uku ya biya abin da zai yi wa gidana miyar kwana biyu. Ki leƙa shagunan Fordham ko Burnside, tumatir da tattasai suna nan shekara zagaye, kuɗi kaɗan ki cika leda. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ɗan Maraɗi:
Baba, a gafarce ni, ba gardama zan yi da kai ba, amma wannan karon ban bi ka ba. Maman Biyu, kin je gona ranar shuka kina neman tumu.

Kalmar bazara ce ke ruɗa mu. A gida bazara zafi ce, lokacin da kayan lambu suke ƙarewa, ruwan fadama ya ja, tumatir ya fara tsada, mangwaro ya shigo. Nan kuwa abin da ake kira da sunanta fitowa ce daga ƙanƙara. Ƙasa daskarewa take tun daga Disamba, garma ba ta shigarta. Manomin da ke arewa da birni ba ya kuskura ya dasa tumatir a fili sai wajen tsakiyar Mayu, don sanyin dare ɗaya ya isa ya kashe dashen gaba ɗaya. Sai ƙarshen Yuli zuwa Agusta ya nuna. Abin da kika gani a teburansu shi ne iyakar abin da ƙasa ta ba su, kuma dokar kasuwar ita ce ba ka sayar da abin da ba kai ka noma ba. Shi ya sa ba za ki taɓa ganin ayaba ko lemo ko mangwaro a wurin ba.

Zaƙin da kika ji kuma gaskiya ne, ba harshenki ne ya yaudare ki ba. Alayyahon da ya kwana cikin sanyi yana tara sukari a ganyensa don kada ya daskare. Da zafi ya shigo wannan ɗanɗanon ya tafi sai baɗi.

Mahaifina lambu yake yi a Jiratawa, na tashi ina bayi da daddare. Abin da na gane a nan shi ne, Afrilunsu daidai yake da Agustanmu. Rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba. Manomi ya sayi iri, ya biya wutar ɗumama ɗakin renon dashe, ya ɗauki 'yan ƙwadago, kuma tun Nuwamba kuɗin kirki bai shigo ba. Wannan ɗan alayyahon shi ne kuɗin man motarsa.

Baba Mai Tasi:
To ni ma ai man mota nake nema, ɗana. Wa ya tausaya mini?

Goggo:
Baba ka ba ni dariya. Amma tsakani da Allah, tumatir ɗin shagon nan ka taɓa jin ƙanshinsa? Ka yanka shi ciki fari fat, sai ka zuba na gwangwani kafin miya ta yi ja.

Auta:
Barka da yamma iyayena, a yi haƙuri da Hausata, ta Bronx ce. Goggo ta faɗi gaskiya kuma da dalili. Tumatir ɗin da ke shago yanzu yawancinsa daga Florida ko Meziko yake, ya biyo ta babbar kasuwar sari ta Hunts Point da ke nan bayanmu. Na Florida akan tsinke shi yana kore, a sa shi a ɗaki a buɗa masa iskar etilin ya yi ja. Launi ya zo, daɗi bai zo ba.

Ganyen da Maman Biyu ta ga ana layi a kansa kuma sunansa ramps, albasar daji ce. Ba shuka shi ake ba, a ƙarƙashin itatuwan kurmi ake tono shi, kuma sati uku zuwa huɗu kawai yake yi a kasuwa. Mun karanta shi a aji: daga ƙwayar iri zuwa ya isa cira yana ɗaukar shekara biyar zuwa bakwai. Saboda yawan tono, lardin Kebek na Kanada ya hana sayar da shi tun 1995. Ni shawarata ma a bar musu kayansu, lawashi da tafarnuwa sun yi mana aikinsa.

Ɗan Maraɗi:
Auta, Allah shi yi albarka. Lawashin nan ma in ya yi yawa a Mayu ku saya ku daka ku shanya, ga gabu kun samu. Albasar da suke kawowa daga Pine Island take, wani kwari mai baƙar ƙasa a gundumar Orange, tafiyar awa ɗaya da rabi daga nan. Ba ta kai ta Galmi ba, wannan ko gaban alƙali zan faɗa, amma tana da kyau.

Hajiya Babba:
Ni na taɓa zuwa sau ɗaya, bara, jikata ta ja ni. Bari in ba ku labarin kunyar da na sha. Na ɗaga ƙullin alayyaho na ce nawa, yaron ya ce dala 5. Na ce to biyu a dala 6. Ya dube ni, ya dubi jikata, ya nuna mini allon da aka rubuta kuɗi da alli. Ko albarka bai ce ba! Na ƙara tayawa, jikata tana jan mayafina tana cewa Hajiya ba a yi a nan. Na ce wace irin kasuwa ce ba a ciniki? Wannan ai kanti ne aka cire wa rufi.

Ga karnuka kuma. Kana tsaye sai ka ji hanci a ƙafarka. Na dawo na wanke zanena. Kuma teburin naman alade yana nan kusa da na ganye, sai ka kawar da kai.

Amma zan faɗi alherinsu, kada Allah ya kama ni. Mun yi yamma, suna ta loda mota, wata tsohuwa mai gonar ta ga ina juya latas, ta ɗebo guda biyu da ƙullin radish ta tura mini cikin jaka, ta ɗaga hannu wai in bar shi. Na ce ashe sun san gyara, sai dai ba sa so a roƙa.

Maman Biyu:
Hajiya wallahi nima sai da bakina ya yi ƙaiƙayin tayawa, na daure.

'Yar Kumasi:
Salamu alaikum. Na bar ku kun gama tukuna don abin da zan faɗa yana da ɗan tsawo, kuma shi ne aikina kullum a ofis.

Baba, maganar tsada gaskiya ce in da tsabar kuɗi za ka biya. Amma gidaje nawa ne a zauren nan suke da katin tallafin abinci na gwamnati, wato SNAP? Ba sai kowa ya amsa ba. In kina da shi, ki nemi rumfar masu kula da kasuwar, akwai tambarin ƙungiyarsu GrowNYC a jiki. Ki ce a cire miki dala 10. Za su goga katin su ba ki 'yan kwabban katako na dala 10, sannan su ƙara miki takardun da ake kira Health Bucks, kowacce dala 2. Duk dala 2 da kika cire ana ƙara miki dala 2, har zuwa dala 10 a rana. Kin shiga da goma, kin yi cefanen ashirin. Takardun na ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ne kawai, ba a sayen burodi ko zuma da su, kuma suna aiki har ƙarshen Disamba. Ma'aikatar lafiya ta birni ce ke bayar da takardun. Manomi ya karɓi kuɗinsa cif, ke kin biya rabi.

Masu WIC kuma, wato tallafin abinci na mata masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara, akwai takardun kasuwar manoma da ake bayarwa daban, suna fara aiki 1 ga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba. Tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi su ma suna da nasu. Abin da ke ci mini rai, sai in ga mata sun karɓa sun jefa a jaka har su lalace, don ba wanda ya nuna musu inda ake kai su.

Kuma ba dole sai Union Square ba. Yawancin kasuwannin manoma na Bronx ba sa buɗewa sai zafi ya shigo, amma ta unguwar Inwood da ke arewacin Manhattan, a titin Isham, tana ci kowace Asabar shekara zagaye. Bas Bx12 daga Fordham zai sauke ki kusa. Ƙarama ce, ba turereniya.

Hajiya Babba:
'Yata, ni in tsaya gaban Turawa a fili ina miƙa katin taimako? A shago ma sai na duba bayana.

'Yar Kumasi:
Hajiya, na fahimce ki. Amma a rumfar kawai ake ganin katin, minti ɗaya. A gaban manomi kwabban katako za ki miƙa, shi kuwa murna yake ya gan su, don kuɗi ne. Ki ba jikarki ta karɓo miki in ya so.

Baba Mai Tasi:
To ni da ba ni da katin fa? An ce wai kuɗina ya wuce layi da kaɗan. Ban kai mai kuɗi ba, ban kai matalauci ba. Irinmu su ne aka manta. Ku je ku ci alayyaho mai zaƙi, ni da shagon Burnside mutu ka raba.

'Yar Kumasi:
Wannan ƙorafin naka ba ni da amsarsa a aljihu, Baba, gaskiya ne akwai masu faɗawa tsakiya. Abu ɗaya dai: ƙungiyoyin unguwa da wuraren ibada suna iya neman takardun Health Bucks daga ma'aikatar lafiya su raba wa jama'arsu, ba a tambayar kati. Masallacinmu bai taɓa nema ba. In kwamiti ya yarda ni zan cike takardar.

Ɗan Maraɗi:
Madalla. Ni kuma ga abin da ya daɗe yana raina. Akwai tsarin da suke yi nan, CSA suke ce masa. Mutanen unguwa su haɗu su biya manomi kuɗi tun yanzu, kafin ya shuka, shi kuma daga Yuni zuwa Nuwamba kowane mako ya kawo wa kowa kasonsa na abin da gona ta bayar. In shekara ta yi kyau kwando ya cika, in ta ɓaci kowa ya ɗauki rabonsa na asarar. Kuma tana ɓacin: guguwar Irene a Agustan 2011 ta nutsar da gonakin baƙar ƙasar nan ana gab da cirar albasa, sanyin dare ɗaya a Mayun 2023 ya ƙone furen tufa da inabi a jihar nan. Mu gida nawa ne a zauren nan? In muka haɗu muka sami manomi ɗaya muka ce shuka mana kuɓewa da yakuwa da gauta da attaruhu, ga kuɗi, wa zai ƙi?

Baba Mai Tasi:
A'a, tsaya. Wannan ai falle ne aka sa wa kwat. A ƙauyenmu ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi a damina kana cikin yunwa, da kaka ya zo ya kwashe buhu biyu a kuɗin ɗaya. Na ga abin da ya yi wa kawuna.

Ɗan Maraɗi:
Ba ɗaya ba ne, Baba. A falle manomi ne ke ɗauke da asara shi kaɗai, ko gona ta mutu sai ya biya. A wannan mai saye ne ya sa wuyansa.

Bakatsine:
To in mai saye ne ya sa wuyansa, ka biya kuɗi ba ka san abin da za ka samu ba, ya halatta kuwa? Malam yana nan?

Malam:
Ina nan, ina ta karatu ina murmushi. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Biyan kuɗi kafin kaya ba baƙo ba ne a shari'a, shi ake kira salam. Ya zo a hadisin Ibn Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso Madina ya tarar suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna, sai ya umarce su su yi shi da sanannen mudu, sanannen awo, zuwa sanannen lokaci. To kun ga inda gizo ke saƙar. In aka ce kasonka shi ne duk abin da gona ta bayar, mudu bai sanu ba. Kuma malamai sun ce kada a ɗaure cinikin ga gona guda, don in ta mutu me za a ba ka? Akwai masu kallon tsarin nan a matsayin tarayya ko taimako, ba saye da sayarwa ba, amma ni ba zan ja jama'a zuwa wurin da ake saɓani ba alhali ga hanya a share.

Hanyar ita ce alƙawari. Ku rubuta gidaje da abin da kowa ke bukata a mako, ku kai wa manomin. Ku ce in ka shuka, mu za mu zo mu saya a farashin ranar. Ba kuɗin da ya shiga tsakani sai ranar da kaya suka zo. Wanda ya ga zai taimaka masa da kuɗin iri, kyauta, don Allah, wannan lada ne.

Ɗan Maraɗi:
Allah shi gafarta Malam, na karɓa. Sai dai alƙawarin baki ba ya sayen taki. Kuma mun san halinmu: a rubuta gida talatin, ranar kasuwa a ga biyar. Mutumin nan ya ba da kadada guda ga yakuwa, Bature ba ya sayen yakuwa, ya zuba ta ina?

Malam:
Wannan kuma ba matsalar fiƙihu ba ce, matsalarmu ce. Ku fara da kaɗan, kunya biyu ko uku, ya gwada mu mu gwada shi.

Goggo:
Kafin yakuwarku ta fito ga dabara. A Mayu za ku ga wani jan kara kamar na rake siriri, rubab suke kiransa. Tsami gare shi kamar me. Turawa sukari suke zuba masa su yi kek, ni kuwa na yanka kara biyu ƙanana na jefa a miyar taushe wajen yakuwa. Ya narke, ba wanda ya gane, har maigidan ya ce a ina na samo yakuwa ɗanya. Amma karan kawai, kada wadda ta ga ganyen ta ce ta sami na miya, guba ne.

Maman Biyu:
Goggo kin ɓoye mana wannan shekara nawa? Ni zan sa yayata ta aiko mini da irin yakuwa da na gauta daga Kano, wani zai taho ƙarshen wata.

'Yar Kumasi:
Kada ki sa bawan Allah a wahala. Iri ba ya shigowa sai da takardar izini, in bai bayyana shi a filin jirgi ba aka gani, ƙwacewa ne har da tara. Ana sayar da irin yakuwa da kuɓewa da gauta a nan cikin Amurka, Auta zai nemo mana a intanet.

Auta:
Na riga na fara dubawa. Amma a yi sauri, yakuwa tana son zafi mai tsawo, in Mayu ta wuce ba a shuka ba sai dai mu ci ganye, zoɓo kam babu.

Bakatsine:
Ganyen ma ai shi muke nema. A rubuta gidana: kuɓewa da attaruhu.

Hajiya Babba:
A rubuta ni yakuwa da gauta. Amma ku gaya wa manomin tun yanzu, ni sai na taya.

Maman Biyu:
To ga yadda za a yi. Asabar mai zuwa Inwood, tunda ta fi kusa. Mu haɗu a tashar bas ta Fordham ƙarfe tara. 'Yar Kumasi za ta nuna wa masu kati rumfar, Ɗan Maraɗi shi zai yi magana da manoman don shi ya san yarensu na gona. Zuwa yanzu gida shida na rubuta. Wanda bai sa suna ba ya sa kafin daren Alhamis.

Baba Mai Tasi:
Hajiya Babba da Goggo kada su hau bas da ciwon gwiwa, zan zo in ɗauke su ƙarfe takwas da rabi, ba ko sisi. Amma ni a mota zan zauna, ba abin da zan saya.

Goggo:
Allah ya saka da alheri, Baba. In sayo maka lawashi?

Baba Mai Tasi:
In bai wuce dala 3 ba.